Ɗigon Za'afaran a Farar Fuska

Na san wasunku har sun wasa yatsa za su zage ni a sharhi. Ku dakata tukuna, ku bari in ba ku labarin kwalbar Gwaggo. In kun ji har ƙarshe, duk wadda ta ga za ta iya abin da na kasa, sai ta faɗa mini yadda ake yi.

Sunana Latifatu. A Jidda aka haife ni, a unguwar Sa'alaba, cikin wani tsohon gida da na'urar sanyaya ɗakinsa ke tari kamar mai asma. Mahaifiyata ta rasu ina rarrafe. A shekarar ne ƙanwar Babanmu, Gwaggo Sadiyya, ta zo Umra daga Katsina, ta tarar da ni ina tsala kuka a bayan maƙwabciya, sai ta ajiye jakarta ta ce ba inda za ta. Da Baba ya rasu ina firamare, ita ta zame mana uwa da uba, ni da Yaya Abdallah. Ita ta goya ni, ita ta yi mini kitso, ita kuma ta zane ni in na yi rashin ji.

Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, Gwaggo ba ta da iƙama, wato takardar zama a ƙasar nan. Saboda ni ta rasa ta. Ba ta hawa babban titi sai dole, in ta ji jiniya sai ta saki labule. Ranar da sunanta ya shiga kunnen hukuma, ranar za a sa ta a mota sai gidan tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ita kuwa ba ta bar kowa a Katsina ba sai kaburbura.

To, Gwaggo tana da wata kwalba. Ruwan Zamzam ne a ciki da ruwan wardi, sai ayoyin da take rubutawa da za'afaran a farin faranti, ta wanke ta juye. Launinsa rawaya-rawaya, ƙamshinsa kuwa ko a mafarki na ji shi na san gida na zo. Duk abin da ya shigo gidanmu sabo sai an yayyafa masa: firij, jakar makaranta, takalmin salla, har wayata ba ta tsira ba. Fararen hijabaina duk suna da ɗigo-ɗigon da babu sabulun da ke fitarwa. Mun yi mita har mun gaji. Ita dai amsarta ɗaya ce, gara tabo a riga da tabo a jiki.

Ni kuma aikina a zauren baje kolin wata jami'a ne, can arewacin gari. Ni ke tarbar baƙi in yi musu bayani. Bana aka kawo kayan gargajiyar ƙasashen Asiya: dogayen zanen duwatsu na China a kan siliki, 'yan tsanan fata na mutanen Jawa da ake wasan inuwa da su, ganguna, rigunan alharini masu hannu har ƙasa. Amma abin da ke tara jama'a wata fuska ce daga Japan. Fuskar mace ce ta itace, irin wadda masu wasa ke ɗaurawa a kan tasu, fara fat, da ɗan bakinta a buɗe, ta girmi kakan kakana. In aka ɗaga ta sama kaɗan murmushi take yi, in aka sunkuyar da ita sai ka rantse kuka za ta fashe da shi. Ba na ɓoye muku, ni kaina ba na son in ba ta baya in zan kashe fitila.

Makullin akwatin gilashinta yana hannun Zaharaddeen.

Hmm. Zaharaddeen. Bahaushen Sudan ne, dogo, mai sanyin murya, irin mutanen da sai sun auna magana kafin su sake ta. Shi ke ɗaura kayan baje koli ya saita musu fitila. Garinsu yaƙi ya cinye, mahaifiyarsa da ƙannensa suna raɓe a gidan dangi, bayan Allah shi suke kallo. Tun bara muke tare. Bai taɓa ce mini "ina son ki" da baki ba, sai dai kullum in tarar da shayi mai na'ana'a a kan teburina, an rufe shi da faranti kada ya huce. Ni kuwa na mutu a kansa, ba sai an tambaye ni ba.

Yaya Abdallah direba ne a wani gida can unguwar Abhur, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Da labarin ya kai masa, ko abayata bai bari na cire ba ya tare ni a ƙofa.

"Wannan ɗan Sudan ɗin, in da gaske yake, ya zo ya gaida Gwaggo ranar Asabar. In bai zo ba, halas, shi ke nan, ki manta da shi, ki kuma bar wannan aikin na gadin gumaka."

"Yaya, ba gumaka ba ne, kayan tarihi ne."

"Asabar na ce."

A 'yan kwanakin nan ciwon kai ya sa ni gaba, abinci ma ba na iya ci, barci kuma ya ƙi zuwa. Ni na san sanyin zauren ne da yawan tsayuwa. Amma Gwaggo ta ga hoton fuskar a wayata. Ta daɗe tana kallo, ta kife wayar a kan tabarma.

"Wannan abin kike kwana kike tashi da shi?"

"Itace ne fa, Gwaggo."

"Ki kai ni in gan ta da idona."

Matar da rabonta da arewacin gari har ta manta. Na yi magiya, na kawo mata maganar shingen 'yan sanda, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Ranar Laraba, ranar da za a yi wasa da fuskar, ta ɗaure niƙabinta, ta sa baƙar safa, ta riga ni fita.

Wani dattijo ne ya zo da fuskar daga Japan, gadon gidansu ce. Zaure ya cika da ɗalibai, ni ina tsaye a gefen dandamali da makirufo ina mayar da bayani Larabci. Dattijon ya ce zai nuna musu abin da aka saba yi a ɓoye kafin a fito. Ya durƙusa, ya ɗauko fuskar da hannu biyu, ya ɗaga ta daidai goshinsa, ya sunkuyar mata da kai. Ya ce girmamawa ce ga wanda ya sassaƙa ta da duk waɗanda suka sa ta kafin shi. Na fassara tsaf. Sai dai Gwaggo ba ta jin irin Larabcin makaranta, abin da idonta ya gani shi ta ɗauka: babban mutum mai furfura ya rusuna wa itace.

Aka busa wata sarewa mai tsinin murya, ganga ta amsa. Dattijon ya ɗaura fuskar a kan tasa, ya taho cikin farar safa yana jan ƙafa, a hankali, kamar ba ya taka ƙasa. Wallahi da ka gan shi ka manta namiji ne. Ya zo tsakiya ya tsaya. Sai fuskar ta juyo, ta wuce ɗalibai, ta wuce malamai, ta tsaya a kaina. Ta yi mini murmushi. Sannan ta sunkuya, murmushin ya zama kuka.

Na saci kallon layin mata, na hango carbin Gwaggo yana gudu a hannunta.

Bayan an tashi, aka kwantar da fuskar a akwatinta na katako a wani ɗan ɗaki da ke bayan dandamali, sai da safe a mayar da ita gilashi. Shugabarmu, Dakta Nuf, ta ce Zaharaddeen ya tsaya a wurin, kada kowa ya shiga har ya kulle. Ina cikin sallamar baƙi Gwaggo ta jawo hannun abayata.

"La'asar za ta wuce ni, gwiwar nan kuma ba za ta kai ni masallacinku ba. Samo mini lungu."

Na kai ta bayan dandamali. Zaharaddeen yana ganinmu ya gane ko wace ce. Ya zube har ƙasa.

"Barka da yamma, Gwaggo. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Wuri nake nema in yi salla."

Ya dube ni, ya dubi ƙofar. Doka ta ce kada kowa ya shiga. Amma ku faɗa mini, wane ɗan Bahaushe ne zai hana surukarsa wurin salla ranar da ya fara ganinta? Kuma wane ne zai tsaya a kanta tana ruku'u? Ya buɗe mata, ya shimfiɗa darduma, ya nuna mata alƙibla, kunya ta kwashe shi har ƙarshen baranda. Ni ma na koma wurin baƙi. Da ta fito fuskarta wasai, a tasi ma har da 'yar waƙarta. Ta dafa cinyata ta ce, "Yau za ki yi barci, 'yar nan."

Na kuwa yi barci. Wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro in na tuna.

Washegari ina ajiye jaka na ji salatin Dakta Nuf. Na ruga ɗakin. An buɗe akwatin, fuskar tana kwance tana kallon sama. Daga goshinta har haɓa ɗigo-ɗigo ne rawaya, sun nutse cikin farin fentin, ɗaya ya gangaro daga ƙasan ido ya bushe a kumatu. Kowa yana tambayar mene ne wannan. Ni ban tambaya ba. Tun daga bakin ƙofa ƙamshin wardi ya gaishe ni.

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya durƙusa a gabanta ya daɗe, sannan ya ɗauko wani ƙyalle ya lulluɓe ta yadda ake rufe mamaci. Da ma ihu ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Ɗakin ba shi da kyamara, saboda nan masu wasa ke sauya kaya. Dakta Nuf ta juya kan Zaharaddeen.

"Wa ya shiga nan jiya?"

Ya san Gwaggo ba ta da takarda, ni na faɗa masa tun tuni. Bai ko kalli inda nake ba.

"Babu kowa, Dakta."

"To kai ne ke nan. Ranar Lahadi kwamiti zai zauna, da jami'an tsaro, da kafilinka. In ba ka kawo bayani ba, ka san sauran."

Kowa ya san sauran. Kafilinsa, mai kamfanin da iƙamarsa ke hannunsa, zai buga masa fita ba dawowa. Daga nan sai ƙasar da ya baro tana cin wuta.

Abin da ya ƙara karya mini zuciya, ko kusa bai zargi Gwaggo ba. A ganinsa tsohuwa mai salla me za ta yi wa akwati? Ya ɓoye shigarta ne kawai don kada a nemi takardarta. Wuni ya yi a kan tsani, ya cire silin ɗakin yana haska tocila, wai ko bututun sanyi ne ke ɗigar da tsatsa. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Ban samu yoyon ba tukuna. Amma ruwa ba ya saukowa daga sama haka kawai. Kada ki damu, ya Latifa. Ki ci abinci."

Na rubuta "Zahar, akwai maganar da", na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe na tura masa "Allah ya bayyana", na ji kamar in mari kaina.

A gida na sami Gwaggo tana tankaɗe garin ɗanwake.

"Gwaggo, me kika yi a ɗakin nan jiya?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Abin da uwa ke yi. Na buɗe, na karanta mata Falaƙi da Nasi, na yayyafa mata. Ba ga shi kin yi barci ba? Ciwon kan fa?"

"Ya tafi," na ce, don ya tafi ɗin.

"To alhamdu lillahi. Ni abin da zai kalli 'yata a gaban jama'a ya yi mata kuka, ban ga dalilin barinsa ba."

Na san Gwaggo. In ta ji cewa wani bawan Allah zai rasa zamansa saboda ita, ba za ta ko wanke hannu ba, za ta ɗauki mayafi ta je ta ce ga ta. Daga can kuma ba gida za ta dawo ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji kukana.

Na roƙi Yaya Abdallah a ɗaga zuwan Asabar, ya ce in ɗan Sudan ya fara kawo uzuri tun yanzu, to a bar maganar. Na roƙi Zaharaddeen, ya ce alƙawari ya riga ya ɗauka, ko mene ne zai faru Lahadi yana so ya zama ya gaida Gwaggo a ɗakinta.

Asabar tun da hantsi gida ya ɗauki ƙamshi. Gwaggo ta yi waina da miyan taushe, ta yi sambusa, ta dafa gahawar Larabawa mai ƙamshin hel, ta turare labule da kujerun zaman ƙasa. Ni na sa doguwar riga ruwan zuma mai aikin zare a wuya, na yafa gyale ruwan madara, na zizara kwalli don ya rufe kumburin idona. Amma kafin duk wannan, abin da na fara yi shi ne sace kwalbar. Ban iya zubar da ita ba, ayoyi ne a ciki. Na tura ta can ƙasan buhun shinkafa, na ɗaure bakin buhun tamau. Na ce yau dai ba za a yi yayyafi a gidan nan ba.

Bayan La'asar ya yi sallama. Ya sha farar jallabiya sabuwa dal, guga har tana ɗaukar ido, da ledar dabino da kwalin turare a hannu. Ya rame, amma ya yi kyau har na ji haushin kaina. Ya zauna a bakin tabarma kansa a ƙasa. Yaya Abdallah ya yi masa tambayoyin da ko a filin jirgi ba a yi: ɗan wane ne, wa ya san shi a unguwarsu ta Aziziyya, yana shan taba, wace ƙungiyar ƙwallo yake bi. Yana amsawa a natse. Ina leƙe ta bayan labule na ga Yaya ya tura masa farantin waina da hannunsa, na san an wuce wurin.

Gwaggo kuwa baki har kunne. "Ɗan nan akwai kunya. Ran nan ina cewa zan yi salla ya ɓace kamar an kore shi. Irin tarbiyyar da ta yi wuya ke nan yanzu."

Aka kira ni na fito na gaishe shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Aka yi addu'a, aka shafa. Ya miƙe zai tafi, har ya sa takalmi ɗaya. Na fara sauke ajiyar zuciya.

"Tsaya, ɗana."

Gwaggo ta sa hannu a lalitar da ke ɗaure a ƙugunta. Ta zaro wata 'yar kwalba, ƙarama kamar ta turare. Ashe wadda ta tafi da ita jami'a ke nan, ni ban ma san da ita ba.

"Gwaggo, rigarsa fara ce!" Muryata ta fita da ƙarfin da ya sa Yaya ya harare ni.

"Ke rufe mana baki. Duk abin da ya shigo gidan nan sabo sai na sa masa albarka."

Ta tsiyaya a tafinta, ta yi bisimilla, ta watsa masa a ƙirji. Sau ɗaya, ta ƙara, ta kuma ƙarawa.

Ya sunkuyar da kai yana cewa amin. A nan idonsa ya sauka a kan rigar. Ina kallo ɗigon ya nutse cikin farin yadin, ya buɗe, ya zama rawaya. Ɗaya ya gangaro daga wajen aljihu ya tsaya. Ƙamshin wardi ya cika zauren. Na ga hancinsa ya motsa. Na ga amin ɗin ta mutu a bakinsa.

"Kada tabon ya dame ka," in ji Gwaggo tana mayar da murfi. "Ba ya fita, amma kariya ce. Da shi na kashe idon wannan fuskar taku ran nan. Tambayi Latifa, ita ta san komai."

Ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma ita ce. Kallon mutumin da ya wuni a kan tsani yana neman yoyo ne, alhali wadda ke riƙe masa tsanin ta san babu.

"Na gode, Gwaggo," ya ce. "Allah ya ƙara girma."

Ya sa ɗayan takalmin ya fita. Yaya ya raka shi yana ta zuba masa labarin ƙwallo.

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado da gyalena a hannu. Na kira, bai ɗauka ba. Na tura "Don Allah ka saurare ni", shiru. Rana ta yi ja a jikin taga, masallacin unguwa ya fara gyaran lasifika. Sai wayar ta yi ƙara.

Hoto ne. Jallabiyar a rataye a ƙofar ɗakinsa, ɗigon rawaya reras a ƙirjinta. A ƙasa, a kan tayil, akwatin tafiyarsa ne a buɗe. Saƙo ya biyo baya:

"Launi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Duk wanda ya ga rigar nan ya ga fuskar, ya san ba ni ba ne, kuma sai ya tambayi wa ya yayyafa. Ba ni da wata shaida sai ita. Ina da uwa, ke ma kina da uwa. In naɗe ta cikin akwatin nan, ko in shiga da ita gaban kwamiti gobe? Abin da kika ce shi zan yi."

Na karanta. Alamar ta zama shuɗiya, ya san na gani. A sama an rubuta yana kan layi, yana jira.

Labule ya motsa. Gwaggo ta leƙo da ragowar waina a faranti, ta yi alwala, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Ta ga wayar a hannuna, ta yi irin murmushin da take mini tun ina goye a bayanta.

"Shi ne ko? Yaron ya kwanta mini a rai, wallahi. Ki ba shi amsa mana, 'yar nan, kada ki bar bawan Allah yana jira."